Ranar Da Mama Ta Buɗe Gwangwanin Zare

Baiwar Allahn da ta rubuto min cewa duk macen da ke shan sigari ba ta samu tarbiyya ba, na ga saƙonki, kuma ban goge shi ba. Yau ki zauna ki karanta, ki ga gidan da ya yi min tarbiyyar. In kin gama kina da sauran abin faɗa, wayata a buɗe take.

Ga waɗanda yau suka fara haɗuwa da ni, ba wani dogon tarihi gare ni ba. Shekarata ashirin da biyar. Ina aiki a kamfanin da ke ɗinka kayan 'yan makaranta. Shekara biyu ke nan ina shan sigari, kafin wannan labarin a gidanmu babu wanda ya sani, kuma akwai mai son aurena. Asabar ɗin da ta wuce ya kawo yayarsa ta gan ni, ita ce za ta ce a yi ko a fasa. Labarin ranar zan ba ku, amma sai na fara kai ku bayan ɗakin janareto, don daga can abin ya taso.

A wurin aiki Kwala ake kirana, saboda kwalar riga ce aikina. Ba na sa hannun riga, ba na sa maɓalli, ban taɓa ɗinka riga guda daga farko har ƙarshe a wurin nan ba. Mu ashirin da huɗu ne a layinmu, duk mata, keke na bin keke, daga bakwai da rabi na safe zuwa biyar na yamma. Katin fita bayi guda ɗaya ne tal, wata jar roba da ke rataye a ƙusa kusa da ƙofa. In yana hannun wata, sai ki matse ki ci gaba da taka keke. Ban da rabin awar cin abinci, babu mai ɗagawa daga kujerarta.

Sai dai akwai wani hutun da ba a rubuta a allon sanarwa ba. Madam, shugabar layinmu, tana shan sigari, kuma ba a kunna wuta kusa da yadi. Don haka sau biyu a rana, ƙarfe sha ɗaya da ƙarfe uku, sai ta zari 'yar jakarta ta nufi bayan ɗakin janareto, duk mai sha kuma tana iya rufa mata baya. Minti goma cur a inuwa, a kan bokitan fenti da aka kife, mutum ya miƙe ƙafa ya ji iska. Mu marasa sha mu ne 'yan kirki, ladanmu shi ne mu ci gaba da aiki har da nasu. Kuma a can ake yanke komai: wa za a mayar kusa da taga, wa za a ba sabon keke, wa za a bari ta tafi da wuri ranar da ɗanta ya tashi da zazzaɓi.

Shekara guda na yi ina kallon ƙeyarsu. Kekena na can ƙurya ƙarƙashin fankar da ta mutu tun kafin a ɗauke ni aiki, bayana kuwa kafin azahar ya riƙe. Ran nan Anti Almakashi, mai yanka mana yadi, ta tsaya a kaina ta ce, "Ke Kwala, wa kike yi wa wannan biyayyar? Taso ki riƙe kara ɗaya ko ba za ki zuƙa ba. Madam ba ta duba huhun kowa, hannu take dubawa."

Na tashi na bi ta. Sati biyu ina riƙe kara yana cinye kansa a tsakanin yatsuna, ni dai ina morar inuwa. Anti Almakashi ita ba ta tsaya a hayaƙi ba. Tana da wani filas shuɗi da take ce wa shayinta, shayin da ba ya tururi, ba a kuma zuba shi a kofi. Mijinta ya tafi neman aiki wani gari, shekara shida ke nan bai gama nema ba, ya bar mata yara uku, ita kuma awa tara take yi a tsaye a teburin yanka. Ta ce min in ba ta kurɓa ba, ƙafafunta ba sa kai ta ƙarfe biyar. Ta taɓa miƙo min, na kurɓa, giyar ta ƙone min maƙogwaro na tofar. Kada ku yaba min. Ba tsoron Allah ne ya hana ni ba a ranar, ɗacin ne kawai bai yi min ba.

A wurin na san Injiniya, mai son auren nawa. Shi ke gyara mana kekuna, shi ke kula da janareto, to bayan ɗakin nan falonsa ne. Dogo, mai tsabta, ko baƙin mai ya wuni yana taɓawa ba ka ganin ɗigo a rigarsa. Ya kalli karana da ke ta zubar da toka ya yi dariya.

"Wannan ai ɓarna ce. Kawo in nuna miki."

Shi ya kunna min sabo. Shi ya ce in ja a hankali, in riƙe, in saki ta hanci. Da na sarƙe da tari shi ya miƙo min ruwa yana cewa kowa da haka ya fara. Da za mu koma ciki ya saka min laitarsa a aljihun rigar aikina, wata koriya ta ƙarfe mai tabo a gefe, irin wadda ake ƙara wa gas, ya ce in riƙe in riƙa tunawa da shi. Bayan sati uku Madam ta mayar da ni kusa da taga. Bayan wata uku kuma ba don taga nake fita ba. Kullum in zan kunna sai na ce a raina, wannan kaɗai, daga shi na bari. Shekara biyu ina faɗin haka sau biyu a rana, wani lokacin sau biyar.

Yanzu ku zo gidanmu. Ɗaki biyu da falo ne a ƙasan wani bene, da 'yar farfajiya a baya inda tankin ruwa yake da igiyar shanya. Mama, Baba, da ni. Ƙanwata ta yi aure shekara uku da suka wuce, har ta yaye na fari, kuma Mama ba ta bari in manta da hakan ko na yini ɗaya. In na dawo aiki na zube a kujera sai ta ce, "Keken nan dai ba zai kira ki Mama ba." In an yi biki a dangi sai ta dawo da fuska a ɗaure ta ce wance ta tambaye ta ko lafiyata ƙalau. Ranar da Injiniya ya fara zuwa gaishe su, har 'yar rawa ta taka a kicin tana zaton ban gani ba.

Baba kuwa tsohon direban babbar mota ne. Shekara talatin ya yi yana shan taba a kan hanya. Ina yarinya in na kama shi yana sha a bayan gida, sai ya yi sauri ya ɓoye hannunsa a baya, hayaƙi na tashi ta saman kafaɗarsa, yana ce min ba komai ba ne. Ina shekara goma sha uku numfashinsa ya sarƙe wata safiya, aka kwashe shi zuwa asibiti. Na same shi da roba a hanci. Na riƙe masa hannu ina kuka na ce in bai bari ba ni ma ba zan ƙara cin abinci ba. Ya ce, "Uwata, na bari." Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa min. Kuma ya bari ɗin. Shekara goma sha biyu tsinken sakace ne a gefen bakinsa a maimakon sigari, maganin shaƙarsa na kan talabijin, duk baƙon da ya zauna minti goma a falonmu kuwa sai ya ji labarin yadda Uwata ta raba shi da taba. Sau nawa ya ba da labarin nan ina zaune a gefe, da kwalin sigari a cikin jakata.

Za ku ce yaya aka yi ba su ji wari ba. Rigar aiki a wurin aiki nake barinta. Kafin in taso sai in murza man keke a yatsuna, in tauna kanumfari, in fesa turare. Mama kullum mita take yi wai ina warin gareji, ni kuwa in yi hamdala a raina.

Ranar Laraba da rana saƙon Injiniya ya shigo, alhali yana can ƙarshen layi yana kwance wani keke, in na ɗaga kai ina hango shi. Na buɗe wayar a ƙarƙashin tarin yadi.

"Asabar zan kawo Anti, yayata, ta gan ki. Kin san nas ce, ba abin da ke wuce hancinta. Daga yau ki ajiye abin nan."

Na rubuta, "Kai fa?"

"Ni daban. Ta san da nawa, ta ce in na yi aure zan bari."

"Ta san wanda ya koya min?"

Na ga alamar yana rubutu, ya tsaya, ya sake farawa, ya sake tsayawa. Can sai ga shi: "Kada ki fara. Anti ce ta riƙe ni tun rasuwar iyayenmu, in ta ce a'a magana ta ƙare. So nake in kai ki gida da mutuncinki. Matata ba za ta sha ba."

Na daɗe ina kallon kalmar nan, matata. Abin haushin shi ne daɗi ta yi min. Ina son mutumin nan, ba zan ɓoye muku ba, ina kuma son in daina zama abin tambaya a taron dangi. Ƙarfe uku ta yi, Madam ta zari jakarta, shi ma ya goge hannu ya bi su, ni kuwa na zauna cikin 'yan kirki ina cike gurbin wasu.

Kwana uku ban sha ba. Kaina ya yi ta sara, na soke yatsana sau biyu, na yi wa ta kusa da ni tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Anti Almakashi ta leƙo ta ce, "Amarya an tuba?" Na ce eh. Ta ce, "Allah ya karɓa. Ango kuwa ga shi can ya kunna na biyu."

Ranar Juma'a da na dawo gida na tuna kwalin na cikin jakata, saura kara bakwai, ga laita. Na ce mace irin Anti tana iya cewa in miƙo mata wani abu daga jaka, ko jakar ta faɗi. Abin da ya kamata in yi kowa ya sani, ga kwandon shara can bakin titi. Na fita har bakin titin, na tsaya, na dawo da abina. Hannuna ya ƙi saki. Sai na tuna gwangwanin zare. Wani tsohon gwangwanin biskit ne mai murfi, yana saman kabad ɗin ɗakina, cike da zare da allurai da maɓallai da tef ɗin awo. Tun da na fara ɗinki babu mai taɓa shi sai ni, don Mama ta ce ba za ta haifi tela kuma ta ci gaba da kashe idonta a kan allura ba. Na tura kwalin da laitar can ƙasa, na rufe su da zare, na danne murfi da ƙarfi. Har yaba wa kaina wayo na yi.

Asabar tun safe Mama ta tayar da gidan. An wanke labule, an goge talabijin, an fito da kofunan gilashin da ba a sha ruwa da su ba tun auren ƙanwata. Kujerar Baba, wadda hannunta ya fashe, aka rufa mata ƙyalle. Ni na sa doguwar riga ruwan toka da na ɗinka da kaina, mai ƙananan maɓallai har wuya, da farin mayafi. Na goge haƙorana sau uku, na dirje yatsuna da lemon tsami, na shafa jan baki mai duhu don kada a ga launin leɓena. Mama ta kalle ni sama da ƙasa ta ce in rage jan bakin, kada a ce idona ya buɗe. Na rage.

Ƙarfe huɗu suka iso. Injiniya cikin farar riga mai guga, sai ƙamshi yake. Aljihun gabansa ya yi kusurwa huɗu, kowa ya san kwali ne, amma babu wanda ya kalli wurin. Anti Nas kuwa gajera ce mai jiki, da tabarau a kan hanci, da leshi ruwan ƙasa da mayafi mai nauyi. Baba ya tashi ya ba ta kujerarsa don girmamawa. Da na durƙusa gaishe ta sai ta kama hannuna ta ƙi saki, tana amsa gaisuwa tana juya yatsuna kamar mai zaɓen kaya a kasuwa. Ta kalli farcena, ta kalli bakina, ta ɗan matso da fuskarta. Lemon tsami ta ji, da kanumfari.

"Na ji a kamfani kike," in ji ta bayan an zuba lemo.

"Eh, Anti."

"Matan kamfanin nan muna ganinsu a asibiti. Wata ta zo da ciki wata bakwai tana warin taba. Wata a kawo ta hanta ta kumbura, ka tambaya a ce ai shayi take sha." Ta kurɓi lemo. "Mace in ta fara cin guminta sai ta ga ta zama namiji."

Na tuna filas shuɗi, da ƙafafun Anti Almakashi da jijiyoyi suka fito musu ruɗu-ruɗu. Na ce, "Haka ne, Anti."

"Ai ita ba ruwanta," in ji Injiniya da sauri. "Daga kekenta sai gida. Kowa ya shaide ta."

Baba ya gyara zama, na san abin da ke tafe. Ya ba ta labarin asibiti daga farko har ƙarshe, da robar hanci, da yajin cin abincina, da shekara goma sha biyu. Anti Nas ta gyaɗa kai, a karon farko ta yi min murmushi. Mama ta sauke ajiyar zuciya har sai da na ji daga inda nake.

Da a lokacin suka tashi, da shi ke nan. Amma Anti ta miƙa hannu za ta ajiye kofi, gefen mayafinta ya maƙale a ƙusar hannun kujerar nan da aka rufa wa ƙyalle, sai muka ji ƙarar yagewa. Wurin bai kai tsawon yatsa ba.

"Ba komai," in ji ta.

"Haba, ai gidan tela kika zo," in ji Mama, ta riga ta miƙe. "Yanzu za ki ga hannunta. Ko ke ba za ki gane wurin ba."

"Mama, bari in ɗauko."

"Zauna wurin Antinki."

Na zauna. Me zan ce? Na ji ta ja kujera a ɗakina, na ji ta sauko da gwangwanin, maɓallai na ƙara a ciki. Na ce a raina ba komai, ni zan buɗe, in zaro zare daga sama. Amma Mama so take ta yi hidima a gaban baƙi. Murfin ya ƙi, don ni na danne shi jiya. Ta manna gwangwanin a ƙirji ta sa farce ta fizga. Ya buɗe gaba ɗaya, ya kife. Zare ya gangara ƙarƙashin kujeru, maɓallai suka watse a ƙasa. Kwalin ya faɗo kan tebur kusa da farantin biskit, laitar ta biyo shi ta yi juyi biyu ta tsaya a gaban Injiniya.

Fanka kaɗai ke motsi a falon. Anti Nas ta sa yatsu biyu ta ɗaga kwalin, ta buɗe, ta leƙa ciki. Ba ta kalli kowa ba sai ni.

"Na wane ne?"

Na kalli Injiniya. Ba wani abu mai yawa nake nema ba. Laitarsa ce, ga tabon nan a gefe. Da ya ce nasa ne, ya manta a nan wancan zuwan, da Anti ta harare shi an wuce wurin, tunda shi an yafe masa tun tuni. Sai ya sunkuya yana tsince maɓallai daga ƙasa, ɗaya bayan ɗaya, yana tara su a tafin hannunsa.

Baba ya zare tsinken daga bakinsa ya ajiye a gefen faranti.

"To, Mamansu, yau kin tona min asiri a gaban baƙi."

Mama ta juyo. "Me ka ce?"

"Nawa ne. Nan nake ɓoyewa, don na san ke da allura kun raba hanya."

Anti Nas ta dube shi ta saman tabarau. "Baba, da wannan ƙirjin? Tun daga ƙofa nake jin numfashinka. Yanzun nan ka ce min shekara goma sha biyu."

"Haka nake faɗa wa mutane, 'yata. Tsoho ma yana jin kunya."

"Wannan siririyar kuma mai sanyi, ai mata na sani da ita."

"Mai kaurin ta fi ƙarfina yanzu."

Ba ta yarda ba. Idonta ya dawo kaina ya zauna. Baba ya gani. Ya miƙa hannu ya karɓi kwalin daga wurinta, ya ce tunda asiri ya tonu a yi masa afuwa, tun safe yake daurewa. Ya zaro kara ɗaya. Ya ƙwanƙwasa gindinsa a kan farcen babban yatsansa sau biyu, ya ɗauki laitar daga gaban Injiniya, ya je bakin taga, ya kare wutar da tafin hannu ko da yake babu iska. Hannun nan bai manta komai ba.

A nan ne ya kamata in buɗe baki. Kalma biyu ce, nawa ne. Na ji su sun taso har maƙogwarona. Na kalli Mama, na kalli farar rigar Injiniya, na tuna taron dangi, na haɗiye su. Ku rubuta wannan a cikin laifuffukana, ya fi sigarin girma.

Ya ja. Tarin da ya biyo baya sai da ya sa shi dafa bango, amma ba shi ne ke hana ni sukuni har yau ba. Fuskarsa ce kafin tarin. Ya lumshe ido, kafaɗunsa suka sauka, kamar wanda ya daɗe a kan hanya ya iso gida. Ya share hawayen tari ya sake ja, ya ci gaba har sai da ya kai ƙarshen karan, mu duka muna kallonsa.

Anti Nas ta huce. Ta koma nas sosai, ta yi masa faɗa a kan huhu da hawan jini, yana ta cewa to, to, in Allah ya yarda. Ta juyo ta ce min, "Ke kuma ki ci gaba da yi masa magana, kada ki gaji." Na ce to. Na durƙusa a gabanta ina zura zare a allura, sai a karo na huɗu ya shiga. Na ɗinke mata mayafin ina shaƙar hayaƙin ubana, kuma tunda na ce ba zan yi muku ƙarya ba, hancina bin hayaƙin yake yi. Kwana uku ban sha ba. Ta duba ɗinkin gaba da baya ta ce lallai hannuna na da kyau.

Suna fita Mama ta fashe. Shekara goma sha biyu tana lallaɓa ƙirjinsa, ko maganin sauro ba ta bari a kunna a gidan ba, ashe yaudararta yake yi. Kuma a gaban surukai. Ta kira shi maƙaryaci, kalmar da ban taɓa jin ta faɗa masa ba tun da na yi wayo. Ya ce ta yi haƙuri, bai ƙara komai a kai ba. Ta shige kicin tana kuka tana buga tukwane.

Muka rage ni da shi. Ya ɗauko maganin shaƙarsa daga kan talabijin ya fesa sau biyu, ya zauna yana jiran ƙirjin ya buɗe. Ni ina tsugune ina tattara zare.

"Uwata."

"Na'am, Baba."

"Tun yaushe?"

"Shekara biyu."

Ya gyaɗa kai. Na jira faɗa, na jira ko mari ne, wallahi da ya fi min sauƙi. Sai ya juya laitar a hannunsa yana shafa tabon.

"Yaron nan ya san wannan laitar. Na ga idonsa lokacin da ta faɗo."

Na ci gaba da tattara zare.

"Kina sonsa?"

"Ban sani ba yanzu, Baba."

"To ki sani kafin a tsayar da magana. Ni dai na sama miki lokacin tunani, iyakar abin da zan iya ke nan."

Na miƙa hannu zan ɗauke kwalin daga kan tebur. Ya riga ni, ya saka a aljihu.

"Bar shi. Ai nawa ne, kowa ya ji."

"Baba, ka ba ni in zubar."

"Ke kin iya zubarwa?"

Na janye hannuna. Na kwashi gwangwanina na shige ɗaki, na zauna a bakin gado da rigar ruwan tokar a jikina. Ko minti ashirin ba a yi ba wayata ta yi ƙara, saƙon Injiniya ne.

"Anti ta ce kin yi mata. Ta ce dai in mun haihu ba za a riƙa kai yara gidanku suna shaƙar hayaƙi ba. Gaskiya tsohon nan ya fitar da mu kunya. Ki taho min da laitata ranar Litinin, kada Anti ta sake ganinta ta gane."

Na karanta sau uku. Ya fitar da mu kunya, wai mu. Na fara rubuta amsa, na goge, na sake rubutawa. Wadda na tsaya a kanta gajera ce, kuma in na tura ta Mama ba za ta yafe min ba a wannan shekarar. Yatsana na kan wurin turawa sai na ji wani ɗan sauti ta tagar bayan gida. Ƙyas. Shiru. Ƙyas.

Na ajiye wayar ban tura ba, na fito ta falo. Tsinken Baba na nan a gefen faranti inda ya bar shi. Na tura ƙofar baya a hankali. Rana ba ta gama faɗuwa ba. Yana tsugune a bayan tankin ruwa, daidai inda ba a hango mutum daga tagar kicin, wurin da ni ma na sha auna shi da ido. Yana ganina ya miƙe da sauri ya kai hannunsa baya. Hayaƙi na tashi ta saman kafaɗarsa.

"Wannan kaɗai, Uwata," in ji shi. "Daga shi na bari."